Naira da Sidi: Yadda Kuɗin Najeriya da na Gana Suka Raba Hanya

  A shirinmu na yau maganar kuɗi za mu yi, kuɗi biyu na yankinmu waɗanda ba a cika cinikinsu a manyan kasuwannin duniya ba: nairar Najeriya da sidin ƙasar Gana.

Akwai wata magana da ake yawan yi a majalisa, a tasha, a teburin mai shayi. Sai ka ji an ce, "Ai kuɗin Gana ya fi namu ƙarfi. Sidi ɗaya fa naira ɗari ne da wani abu." Lissafin daidai ne. Hukuncin da aka ɗora a kansa, shi nake so mu duba tare. Domin mu duba shi da kyau, sai mun koma baya, mun ga inda kuɗin biyu suka taso. Ku gyara zama.

Bari mu fara da zamanin da kuɗin Kano da na Kumasi ɗaya ne.

Tun kafin zuwan Turawa, fatakenmu na bin hanyar Gwanja. Su tashi daga ƙasar Hausa da jakuna, da kanwa, da tufafi, da fatu, su sauka kasuwar Salaga, su sayo goro. Wuri ake kashewa a can, wuri ake kashewa a nan. Zangunan Hausawa da ke Kumasi da Akra a yau, wannan fatauci ne tushensu.

Da Ingila ta kafa mulkinta, a shekarar 1912 ta kafa wata hukuma a Landan mai buga kuɗi domin ƙasashe huɗu: Najeriya, da Gana wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo, da Gambiya. Kuɗin shi ne fam na Afirka ta Yamma. Dattawan da ke sauraronmu sun san shi. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ga sisi, ga taro, ga anini mai huda a tsakiya.

Ku riƙe wannan da kyau: sulen da ke aljihun ɗan Kumasi, shi ne sulen da ke aljihun ɗan Kano. Babu canji, babu ɗan canji. Lokacin da Alhassan Ɗantata ke sayen goro a Gold Coast yana turawa Legas ta jirgin ruwa, abin da ke gabansa shi ne farashin goro da kuɗin jirgi. Bai da matsalar canji.

Wannan tsari yana da ƙa'ida ɗaya mai tsauri. Hukumar ba ta fitar da fam ɗaya a nan sai an ajiye mata fam ɗaya na Ingila a Landan. Saboda haka kuɗin ba ya faɗuwa da kansa. Amma fa akwai abin da aka biya. Dukiyar manoman gyaɗa da manoman koko tana kwance a Landan, ƙasashen da suka noma ta ba su da ikon juya ta yadda suke so. Shi ya sa da 'yanci ya zo, kowa ya ce sai ya buga nasa. Ban ga laifinsu ba. Ƙasa mai 'yanci tana da haƙƙin riƙe kuɗinta.

To, yanzu sai mu shiga Gana, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin darasin da ke cikin labarinta yana da yawa.

Gana ta sami 'yanci a watan Maris na 1957. A 1958 ta fitar da fam nata. A watan Yuli na 1965, zamanin Kwame Nkrumah, aka bar lissafin fam da sule, aka kawo sidi, da hoton Nkrumah a jiki. Sojoji suka hamɓarar da shi a Fabrairun 1966. Bayan shekara ɗaya, a Fabrairun 1967, suka fitar da sabon sidi wanda babu hotonsa. Darajar wannan sabon sidi sule 10 ce, wato rabin fam. Ku ajiye wannan adadi a ranku, sule 10, za mu dawo gare shi.

Arzikin Gana a lokacin koko ne. Koko shi ke kawo kuɗin waje. Gwamnatin Nkrumah ta yi manyan ayyuka, madatsar ruwa ta Akosombo, tashar jiragen ruwa ta Tema, makarantu, masana'antu. Ana cikin haka farashin koko ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1965. Kashe kuɗi na nan, shigar kuɗi ta ragu.

A watan Yuli na 1967 aka karya darajar sidi da kashi 30 cikin 100. Me ake nufi da karya darajar kuɗi? Shi ne gwamnati ta sanar cewa daga yau, mai son dala ɗaya sai ya ba da kuɗin gida fiye da na jiya. Kayan da ake shigowa da su sai su yi tsada. Mai fitar da kaya waje kuwa, sai abin da yake samu da kuɗin gida ya ƙaru.

A ƙarshen Disambar 1971, Firayim Minista Kofi Busia ya sake karya sidi, wannan karon da kashi 44 cikin 100. Farashin sukari, da madara, da sabulu ya yi sama. Ba a cika sati uku ba, ranar 13 ga Janairun 1972, Kanar Acheampong ya yi juyin mulki. Yana hawa ya mayar da mafi yawan darajar da aka cire.

Jama'a, daga wannan rana duk mai mulki a Gana ya ɗauki darasi, kuma darasin ya cutar da ƙasar. Darasin shi ne: wanda ya taɓa farashin canji, kujerarsa ta tafi. Sai aka ƙulle farashin. Daga 1973 zuwa 1978, dala ɗaya sidi 1.15 ce a hukumance. Daga 1978 zuwa 1983, sidi 2.75. Farashi na tsaye a takarda, amma gwamnati na ta buga kuɗi tana toshe giɓin kasafinta. Hauhawar farashi, wato tashin kuɗin kaya a kasuwa, ta wuce kashi 100 cikin 100 a 1977. Ta sake wucewa a 1983. Abin da ka saya sidi 10 bara, bana ya haura 20.

Ku duba yadda abin ya kasance ga manomin koko. Doka ta ce hukumar gwamnati kaɗai zai sayar wa. Hukumar ta kai kokon waje, ta karɓo dala, ta lissafa masa da farashin gwamnati. Shi kuwa in ya je sayen adda, ko gishiri, ko atamfar matarsa, da farashin bayan fage ake sayar masa. A farkon shekarun 1980, farashin dala a bayan fage ya ninka na gwamnati fiye da sau 20. To me zai yi? Wanda ke kusa da iyaka ya ɗauki buhunsa da dare ya tsallaka Kodebuwa ko Togo, inda ake biya da sefa. Wanda ke nesa ya bar gonar ta zama daji. Ƙasar da ta noma koko sama da tan 550,000 a kakar 1964 zuwa 1965, ta dawo ba ta iya ko rabin haka.

Wa ya ci riba? Wanda ke da hanya a ofis. A ba shi lasisin shigo da kaya, a ba shi dala a kan sidi 2.75, ya fito ya sayar da ninkin-ba-ninkin. Mutanen Gana suka sa wa wannan harka suna kalabule. Kantuna suka zama wayam. Sabulu sai an bi layi.

Sau biyu hukuma ta nemi magance abin ta hanyar kama takardun kuɗi. A watan Maris na 1979 aka canza kuɗi: wanda ya kawo sidi 10 a ba shi 7, in kuwa kuɗinsa ya wuce sidi 5,000, abin da ya ɗoru a ba shi rabi. A 1982, gwamnatin Jerry Rawlings ta janye takardar sidi 50, wadda ita ce mafi girma a lokacin. An ce masu ɓoye kuɗi ake nema. Amma 'yar kasuwar da ta ƙulle jarinta a bakin zane, da manomin da ba ya da asusun banki, su ma abin ya faɗa musu. Bayan haka mutane da yawa suka ƙi yarda da banki, kuma an daɗe kafin yardar ta dawo.

Mu dakata da Gana a nan, mu leƙa Najeriya, mu ga abin da take ciki a waɗannan shekaru.

Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, da fam ɗin Najeriya. Ranar 1 ga Janairun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, aka kawo naira da kwabo. Naira 2 fam ɗaya. Wato naira ɗaya sule 10. Kun tuna adadin da na ce ku ajiye? Sidin 1967 sule 10. Nairar 1973 sule 10. Daga wuri ɗaya suka tashi.

Amma ita naira ta zo a kan gaɓa. A shekarar da aka fitar da ita, farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya. Dala ta yi ta kwarara. A 1980, kwabo 55 kacal ke sayen dala ɗaya. Ku yi lissafi da ni. Dala ɗaya kwabo 55 a Legas, dala ɗaya sidi 2.75 a Akra. Ke nan naira ɗaya sidi 5 ce, a farashin gwamnati. A bayan fage kuwa ta ninka haka nesa ba kusa ba.

Shi ya sa malaman makaranta, da teloli, da masu gyaran takalma, da magina daga Gana suka cika Legas da sauran biranen Najeriya. Albashin wata ɗaya da naira, in aka kai shi gida, ya fi na watanni da sidi. Mutane suna bin kuɗi mai daraja, kuma ba sabon abu ba ne. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, cikinsu da Hausawa da Yarabawa masu yawa da suka je can lokacin da koko ke tashe. A Janairun 1983, da kuɗin mai ya ja baya, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, kimanin mutanen Gana miliyan ɗaya suka koma gida. Suka tarar da fari da gobarar daji da yunwa. Abin baƙin ciki ne, a can da nan. Talaka ne ya ɗauki kayansa a ka, ba wanda ya ɓata kuɗin ba.

Ita ma naira mai ƙarfin nan ta yi tata ɓarnar a ɓoye. Da dala ke araha, shinkafar waje ta fi ta gida sauƙi. Gyaɗa da auduga da manja suka daina biyan manomi. Ƙasa ta dogara da abu guda, mai.

Yanzu mun zo shekarun da aka saki farashi.

Gana ce ta fara, domin ita ta fara kaiwa bango. A 1983 gwamnatin Rawlings, da Kwesi Botchwey a matsayin mai kula da kuɗi, ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A watan Oktoba na shekarar, dala ta tashi daga sidi 2.75 zuwa sidi 30. A 1986 aka fara gwanjon dala, wanda ya fi tayi ya ɗauka. A 1988 aka ba 'yan canji lasisi su buɗe shago a fili. Kaya suka dawo kantuna, noman koko ya farfaɗo. Amma sidi bai daina zamewa ba. Zuwa ƙarshen shekarar 2000, dala ɗaya ta kai kimanin sidi 7,000.

Najeriya ta biyo baya. A Afrilun 1984, gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakoki, domin a kashe darajar kuɗin da aka fitar waje. Wannan bai hana dala ƙaranci ba. A Satumbar 1986, zamanin Janar Babangida, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, ƙarƙashin shirin da kowa ya sani da SAP. Kafin nan naira da dala kusan kunnen doki suke. Cikin ɗan lokaci dala ta koma wajen naira 4.

Sai ga Najeriya ta maimaita abin da ya kassara Gana. Zamanin Janar Abacha, aka tsayar da farashin gwamnati a naira 22, alhali a kasuwa dala ta haura naira 80. Farashi biyu a ƙasa ɗaya. Mai hanya ya karɓa a 22, ya sayar a 80, bai noma komai ba, bai ƙera komai ba. Ina so ku ji wannan da kyau, domin shi ne abin da ya fi damuna a duk wannan tarihi. Duk lokacin da aka sami farashi biyu, na ofis da na kasuwa, ratar da ke tsakaninsu wani ne ke cinye ta. Kuma wanda ke biya shi ne manomi da ɗan kasuwar da ba su san kowa ba.

To, ga inda amsar tambayarmu take: shekarar 2007.

A farkon wannan shekara, dala ɗaya ta kai kimanin sidi 9,300. A Najeriya kuwa tana wajen naira 127. Raba wannan da wancan, za ka ga naira ɗaya ta haura sidi 70. Mutum a Akra zai sayi firiji, sai ya ɗauki kuɗi a jaka. Ma'aikacin banki ya wuni yana ƙirga. Sai Babban Bankin Gana, ƙarƙashin gwamnansa Paul Acquah, zamanin Shugaba John Kufuor, ya yanke shawarar goge sifiri huɗu. A watan Yuli na 2007, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi ɗaya. Aka yi ta shela a rediyo da talabijin cewa daraja ba ta canza ba.

Kuma gaskiya suka faɗa, daraja ba ta canza ba. Kamar mai hatsi ne da ya saba ƙirga dawarsa da mudu, ya koma ƙirgawa da buhu. Adadin ya ragu, dawar tana nan yadda take. Amma dubi abin da ya faru a allon ɗan canji. Jiya naira ɗaya sidi 70 da 'yan kai. Yau sidi ɗaya kimanin naira 135. Ba a ƙara buhun koko ko ɗaya ba. Sifiri aka goge.

A watan Agusta na wannan shekarar, gwamnan Babban Bankin Najeriya, Charles Soludo, shi ma ya sanar da shirin goge sifiri biyu daga naira. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta dakatar da shirin. Da an aiwatar, da lambobin da muke gani yau sun bambanta, amma da abin da albashinka ke saya bai ƙaru da ƙwayar shinkafa ɗaya ba.

Saboda haka, in kana son sanin ƙarfin kuɗi, kada ka tsaya a kan nawa ake ba da shi yau. Tambayi nawa yake bara, nawa yake shekara goma da suka wuce. Bari mu gwada. A 2007 sabon sidi ya ɗan fi dala ɗaya. A tsakiyar 2024 sai ka ba da kimanin sidi 15 kafin a ba ka dala. Ya faɗi kusan sau 16. Naira kuwa daga 127 ta koma wajen 1,500. Ta faɗi kusan sau 12. Duka biyun sun sha ƙasa. In kuma ka mayar da sifirin nan huɗu, ka koma kan sule 10 da suka taso da shi, za ka ga a 2024 naira ɗaya daidai take da kimanin tsohon sidi 100.

Kada wani ya ji wannan ya yi alfahari. A 2022 Gana ta shiga mawuyacin hali, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a watan Disamba, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje, ta koma wurin Asusun Lamuni ta karɓo dala biliyan 3 a 2023. A Najeriya, a watan Yuni na 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo sosai, da taimakon tsadar zinare da rage kashe kuɗin gwamnati, har ya haura naira 140. Abin yana juyawa. Koko da zinare a can, mai a nan. In farashinsu ya tashi a duniya, kuɗin gida ya numfasa. In ya faɗi, kuma gwamnati ta ci gaba da cin bashi da buga kuɗi, sai kuɗin gida ya bi shi.

Kashi na ƙarshe na shirin namu, na 'yan kasuwa ne, masu bin hanyar Legas zuwa Akra da masu aika wa 'yan uwa kuɗi a zango.

Wataƙila kun lura, duk lissafin da na yi tsakanin naira da sidi, sai da na bi ta kan dala. Haka ake yi a banki, haka ɗan canji ke yi a Wapa ta Kano, haka takwaransa ke yi a Tudu ta Akra. Dalili shi ne masu neman sidi da naira kai tsaye ba su da yawa. Sai a duba dala nawa ce a nan, nawa ce a can, a raba. In dala naira 1,500 ce kuma sidi 15, to sidi ɗaya naira 100. Wannan lissafi kowa zai iya yinsa a wayarsa kafin ya miƙa kuɗi. Ku yi shi. Ku yi shi kafin ku isa bakin iyaka, ba bayan kun isa ba.

Sannan ku sani, kuɗin da ba a cika nemansa ba, ratar saye da sayarwarsa tana da faɗi. Ɗan canjin da ya karɓi sidinka a Kano bai san ranar da mai nema zai zo ba, kuma kafin ya zo kuɗin na iya faɗuwa. Dole ya sa wannan a farashi. Ga kuma hanya: ka fito Seme ka shiga Benin, sai sefa. Ka ratsa Togo, sefa. Ka isa Aflao, sai sidi. Kowane canji da abin da yake gutsura. Saboda haka, canza abin da zai ishe ka guzuri kawai a hanya, jarin kuma a canza shi sau ɗaya. Kada ka kwana da kuɗin da ba za ka kashe ba da sunan ajiya, ko naira ce a Kumasi, ko sidi ne a Kano.

Shugabanni sun san da wannan wahala. A shekarar 2000 Najeriya da Gana da wasu maƙwabta suka amince za su yi kuɗi ɗaya mai suna eko. An sa 2003, aka ɗaga. An sa 2005, da 2009, da 2015, da 2020, duk aka ɗaga. Yanzu ana maganar 2027. Sharuɗɗan da suka gindaya wa kansu su ne rage hauhawar farashi da rage giɓin kasafi, kuma su ne aka kasa cikawa. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne tsarin biyan kuɗi na PAPSS, wanda aka ƙaddamar a Akra a Janairun 2022. Manufarsa, ɗan kasuwa a Kano ya biya da naira, abokin cinikinsa a Kumasi ya karɓa da sidi, ba tare da an nemi dala ba. Mai harka da Gana, ya tambayi bankinsa ko ya shiga tsarin, ya kuma tambayi nawa za a cire masa, ya gwada da farashin ɗan canji kafin ya zaɓa.